Yadda mawaƙi zai koma marubucin ƙagaggen labari

Mawaƙin da ya shafe shekaru yana haɗa kiɗa a situdiyo, idan ya ƙuduri aniyar rubuta ƙagaggen labari, ya fara da komawa cikin tsofaffin waƙoƙinsa ya nemo wadda labarinta ya fi ƙarfin baitocinta. Tafarkin da mawaƙi kuma marubuci Gaël Faye ya bi ke nan. An haife shi a Bujumbura a 1982, yaƙin basasar Burundi ya kai shi Faransa a 1995, kuma a kundinsa na 2013 akwai waƙa mai suna Petit pays a kan ƙasar da ya baro. 'Yan mintunan waƙa ba su isa su ɗauke ƙuruciya da yaƙi ba, sai batun ya zama littafi mai wannan suna a 2016, har ya ci kyautar adabi ta Goncourt wadda ɗaliban sakandaren Faransa ke zaɓen wanda za a ba.

Abin da ya fi wuya shi ne rabuwa da ɗabi'ar waƙa. A waƙa, ka ce zuciyarka ta ƙone, amshi ya maimaita, kiɗa ya ƙarasa aikin. A littafi babu ganga, babu amshi, saboda haka dole mai karatu ya ga mutum a wani gida, yana neman wani abu, wani kuma yana hana shi. Kada ka zuba tarihinka yadda yake. Faye ma yaro ya ƙirƙira, Gabriel, ya ɗora masa labarin, wanda hakan ya ba shi damar ƙarawa da ragewa.

Ka tsayar wa kanka adadi. Kalmomi 500 a kullum, cikin kwana 100, sun zama 50,000.

A wajen gyara ne sana'arka ta farko za ta yi maka rana. Kamar yadda ake ɗaukar murya tukuna kafin a zauna tacewa, ka gama rubutun farko ba tare da waiwaye ba, sannan ka karanta kowane babi da ƙarfi, ka naɗa a waya, ka saurara da kunnen da kake gano kuskuren kiɗa. Jimlar da daɗin amo kawai take da shi, ba ta matsar da labari gaba, ka cire ta, ko da ita ce ta fi burge ka. Daga nan ka miƙa wa edita, ka kuma haƙura da jan alƙalaminsa, tun da kai ma ka sha sa mawaƙa su maimaita baiti ɗaya sau goma.