Yadda za ka tallafi abokinka idan damuwa ta yi masa yawa

Mu maza a Kaduna halinmu ɗaya, ko mutum na ƙonewa a ciki sai ya ce maka lafiya lau. To in ka ga abokinka ya daina zuwa majalisa, ba barci, abinci ma sai a hankali, dan Allah kar ka fara masa "haba kai fa namiji ne". Ja shi gefe bayan la'asar, ka bar shi ya amayar da abin da ke ransa, kai dai saurara.

Ku riƙa zagaya Murtala Square da safe ko ku buga ƙwallo, minti 30 sau 5 a sati ya isa, wallahi jiki na saki. Barci awa 7, a ajiye waya da daddare. Addu'a da azkar suna sanyaya zuciya sosai amma ba sa hana ganin likita, kuma in yana shan maganin gargajiya a faɗa wa likitan, wani yana karo da na asibiti. Tiramol kam ƙara rura wutar yake.

In ya kai sati 2 a haka ka raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, in kuwa ya fara cewa gara ya mutu to ranar za ku tafi, kuma kar a bar shi shi kaɗai.