Karatun Haɗa Kwamfutoci a Jami'a: Inda Za Ka Sa Ƙarfinka

Laccocin farko a fannin netwok kan tafi ne a matakai bakwai na OSI, wato tsarin da ke bayyana yadda saƙo ke tafiya tsakanin kwamfutoci. Ka haddace su, amma ba su ke kayar da ɗalibai ba. Lissafin raba adireshi shi ne ƙashin bayan abin.

Adireshin IPv4, wato lambar da ake gane na'ura da ita a netwok, bit 32 ne. Idan aka rubuta 192.168.1.0/24, bit 24 na farko na netwok ne, bit 8 suka rage wa na'urori: adireshi 256, a cire na farko da na ƙarshe, saura 254. Mai da shi /26, sai ya rabu gida huɗu masu farawa daga 0, 64, 128 da 192, kowane gida na ɗaukar na'ura 62. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a ba kwamfuta adireshin ƙarshen gida, kamar .63, alhali na shela ne ga duk 'yan gidan. Riƙa yin wannan da biro da takarda kullum, don ba a shiga jarrabawar CCNA (ta shaidar ƙwarewa a netwok ta kamfanin Cisco) da kalkuleta.

Daga nan sauke Packet Tracer, manhajar kwaikwayon haɗa netwok a kwamfuta, kyauta ne idan ka yi rajista da Cisco Networking Academy. A cikinta, haɗa rawuta (mai haɗa netwok da netwok) ɗaya, suwic (mai haɗa na'urorin netwok guda) biyu da kwamfuta huɗu. Ka tuna ƙofofin rawutar Cisco a kashe suke zuwa, sai ka rubuta no shutdown. In komai ya yi aiki, ɓata shi da gangan, canza adireshin ƙofar fita (na rawutar da kwamfuta ke bi ta fita), ka ga yadda ping, umarnin gwada ko saƙo na isa, ke mutuwa.

Hannu ma sai ya taɓa waya. Sayi 'yan mitoci na wayar netwok ta Cat6, kawunan RJ45 kamar ashirin (za ka lalata rabi), filayar matsewa da testa. Jerin launukan wayoyi a kan RJ45 bisa tsarin T568B: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kada ka warware murɗin fiye da milimita 13, murɗin ne ke kare saƙo daga hayaniyar lantarki. Tsawon waya kuma kada ya wuce mita 100.

Idan haɗi ya ƙi, fara daga matakin ƙasa, wato waya da na'ura. Fitilar suwic tana ci? Sannan duba adireshi: in ya fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu amsa daga DHCP, mai raba wa na'urori adireshi, ba ne. Sai ka yi ping ɗin rawuta, kafin ka zargi DNS, mai mayar da sunan shafi zuwa adireshi.