Yadda Malami Zai Koya wa Ɗalibai Neman Alamun Rai a Cikin Duwatsu

Malamin kimiyya a Katsina ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada kafin ya nuna wa ɗalibansa yadda masana ke gane ko wata duniya ta taɓa dacewa da rayuwa, domin tambayar farko da suke yi ita ce ko ruwa ya taɓa kwanciya a wurin, kuma amsarta a jikin dutse take.

A fara da bambance duwatsu. Irin manyan duwatsun da ke Dutsin-Ma daga narkakken dutse suka daskare a ƙarƙashin ƙasa, saboda haka ba sa adana sawun halitta. Wanda ake nema shi ne dutse mai hawa-hawa, wanda laka da yashi suka kwanta a ruwa suka zama shi.

Daga nan sai a kai ɗalibai bakin kududdufi a ƙarshen damina, su debo laka tare da gansakukar da ke manne a samanta, su zuba a kwalba mai haske da ɗan ruwa, su ajiye inda rana ke bugawa. Duk bayan 'yan kwanaki a barbaɗa yashi kaɗan a kai, a kuma lura da yadda korayen ƙwayoyin ke sake hawowa sama suna neman haske. A nan ya kamata malami ya dakata sosai, domin da irin wannan hawa ne ƙananan halittu suka gina duwatsun da ake kira sitiromatolait, waɗanda aka samu a yankin Pilbara na Ostireliya masu shekara kusan biliyan 3.5. Dangin waɗannan ƙwayoyi ne daga baya suka cika sararin duniya da iskar da muke shaƙa, kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce.

Idan kududdufin ya ƙafe, a koma a zana tsagewar lakar. Na'urar Curiosity, motar bincike marar matuƙi, ta ga irinta a kwarin Gale na duniyar Mars, ita kuwa 'yar'uwarta Perseverance an sauke ta a kwarin Jezero na Mars ɗin a 2021 saboda tsohon tafki ne.

Ina roƙon malamai su nanata cewa siffa kaɗai ba hujja ba ce, tunda ruwa da ma'adinai kan yi zanen da ya yi kama da aikin halitta. Ɗalibi ya rubuta abin da ya gani a shafi ɗaya, abin da yake zato kuma a wani shafin dabam.