Darasi na Bakwai: Ma'anar Bincike da Amfaninsa

Bincike, a ma'anar da masu ilimi suke nufi, shi ne bin diddigin wata tambaya a bisa tsari, ta hanyar tattara hujjoji da auna su, har a kai ga amsar da wani zai iya sake gwadawa ya tabbatar ko ya ƙaryata. Wanda ya ji labari ya ɗauka bai yi bincike ba, haka nan wanda ya riga ya yanke hukunci sannan ya fita neman abin da zai goyi bayansa. Manufar bincike ita ce a raba abin da ake zato da abin da yake tabbas, domin shawarar da aka gina a kan zato takan jawo asarar dukiya, wani lokaci har da ta rai.

A shekarar 1854 cutar kwalara, wato amai da gudawa, ta ɓarke a unguwar Soho da ke birnin Landan, inda ta kashe mutum sama da 500 cikin kwana goma kacal. A wancan zamani yawancin likitoci sun yi imani cewa gurɓatacciyar iska mai wari ce take yaɗa cutar. Wani likita mai suna John Snow bai gamsu da wannan bayani ba, saboda ya lura cewa cutar a ciki take fara kama mutum, abin da ya sa ya zargi ruwan sha. Sai ya nemi sunayen mamatan, ya bi gida-gida yana tambayar inda kowane iyali yake ɗebo ruwa, daga baya kuma ya sanya alamar kowace mutuwa a kan taswirar unguwar. Alamomin suka taru a kewayen famfo guda ɗaya da ke titin Broad.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fi lura da shi shi ne yadda Snow ya yi da labaran da ba su dace da tunaninsa ba, domin a nan ne ake gane mai bincike na gaskiya. Akwai wani gidan gajiyayyu a kusa da famfon mai ɗauke da mutum sama da 500, amma kaɗan ne suka mutu a cikinsa. Da ya tambaya, sai ya tarar gidan yana da rijiyarsa. Akwai kuma wata mata da ta rasu a Hampstead, nesa da unguwar, wadda a zahiri babu abin da ya haɗa ta da famfon. Ashe kullum ana kai mata ruwansa ne saboda ta fi son ɗanɗanonsa. Da waɗannan hujjoji ya shawo kan hukumar yankin ta cire hannun famfon. Gaskiya ita ce annobar ta riga ta fara lafawa a lokacin, kuma manyan likitoci ba su yarda da shi nan take ba. Ya rasu a 1858, sai a shekarun 1880 aikin Robert Koch ɗan ƙasar Jamus ya sa duniya ta amince cewa ƙwayar cuta ce take haddasa kwalara.

Haka aka yi da zazzaɓin maleriya, wanda sunansa ma a harshen Italiya yake nufin mummunar iska, har Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya a 1897. Gidan sauron da muke kwana a ciki daga irin wannan sani ya samu ƙarfin hujja.

Kada mai karatu ya ɗauka sai likita ko malamin jami'a ne yake bincike. Manomin da ya raba gonarsa biyu, ya shuka iri daban a kowane ɓangare a rana ɗaya, ya ba su taki iri ɗaya, sannan ya auna amfanin da kowanne ya bayar, ya bi hanyar da Snow ya bi. Sharaɗin dai shi ne ya rubuta abin da ya gani tun yana sabo, tunda ƙwaƙwalwa takan riƙe abin da rai yake so ta zubar da saura, kuma nan ne karatu da rubutun da kuke koya suke da rana.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya zaɓi magana ɗaya da ya saba ji ana faɗa kamar tabbas ce, ya rubuta ta a littafinsa, ya rubuta daga wa ya fara jin ta, sannan ya bayyana a jimla uku abin da zai ƙidaya ko ya kwatanta domin ya san ko gaskiya ce. A zo da littattafan a darasi na gaba domin a karanta su a gaban aji.