Kurakuran da Muke Yi a Kan 'Yancin Faɗin Albarkacin Baki

Wata rana da hantsi wani dattijo ya same ni a ofis a nan Gusau, riƙe da waya mai tsagaggen gilashi. Kwana huɗu ke nan ɗansa na tsare a kan wani rubutu da ya yi a Facebook. Ko zama bai yi ba ya ce, "Barista, abokansa sun ce in kai ƙara kotun tsarin mulki a Abuja, wai sashe na 39 ya ba shi damar faɗin duk abin da ya ga dama." Na ce, "Baba, zauna ka sha ruwa tukuna." A numfashi ɗaya ya kawo mini kurakurai biyu da nake jin su kullum, har daga bakin masu ilimi.

Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin riƙe ra'ayi da karɓar labari da isar da shi, wannan gaskiya ne. Matsalar ita ce yawancinmu a nan muke rufe littafin. Da za a ƙara buɗe shafi kaɗan, da an tarar da sashe na 45, wanda ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita wannan 'yanci saboda tsaron ƙasa, zaman lafiya, tarbiyya, lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu, muddin dokar ta dace da tsarin dimokuraɗiyya. Ta wannan ƙofar laifin ɓata suna ya shigo, wanda ke sashe na 391 da 392 na tsohon kundin Final Kod na Arewa. Mu a Zamfara kuma, tun shekarar 2000 muna da kundin laifuka na Shari'a, inda ƙazafin zina ba tare da shaidu huɗu ba ke jawo bulala 80.

Gyaran shi ne mutum ya iya bambance ra'ayi da zargi. "Asibitin garinmu ba magani, gwamnati ta gaza" ra'ayi ne a kan aikin hukuma, kuma kana da cikakken haƙƙin faɗinsa da babbar murya. "Wane ya sace kuɗin magani" zargi ne a kan mutum mai suna, in ka faɗa sai ka shirya hujjar da za ta tsayu a gaban alƙali. Kuma "ba ni na rubuta ba, turawa kawai na yi" ba ya fid da kowa. Wanda ya yaɗa ɓatanci a WhatsApp ya shiga sahun wanda ya ƙirƙira shi.

Sai batun kotu. Najeriya ba ta da wata kotu ta musamman da ake kira kotun tsarin mulki. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Benin suna da ita a Kwatano, har ɗan ƙasa na iya kai kokensa can kai tsaye. Jamus da Afirka ta Kudu ma suna da tasu. Mu tsarinmu daban ne. Sashe na 46 ya ce wanda aka tauye wa haƙƙi, ko ake shirin tauye masa, ya nufi Babbar Kotu a jihar da abin ya faru. Ƙa'idojin 2009 na neman haƙƙin ɗan Adam sun ma yarda wani ya shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare. In hukunci bai yi maka ba, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato, daga nan ne ake isa Kotun Ƙoli. Da dattijon nan ya kama hanyar Abuja, da kuɗin mota kawai ya yi asara, ɗansa na kwance a bayan kanta.

Kuskuren da ya fi ci mini rai kuwa na masu riƙe da madafun iko ne da magoya bayansu, waɗanda ke ganin sukar gwamna ko ɗan majalisa laifi ce da kanta. Tun 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke Arthur Nwankwo, wanda aka ɗaure saboda ya soki Gwamna Jim Nwobodo na Anambra a rubuce, ta nuna cewa dokar tunzura jama'a da Turawan mulkin mallaka suka bar mana ba ta jitu da 'yancin da tsarin mulki ya bayar ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 shi ne sandar da aka fi dukan matasa da ita, domin tsohon rubutunsa ya haɗa har da saƙon da ya jawo ɓacin rai ko cin fuska. Kotun ECOWAS ta ce a 2020 sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma a 2024 aka yi masa kwaskwarima. Yanzu ya tsaya ne a kan batsa, da saƙon da mai shi ya san ƙarya ne ya tura don ya hargitsa doka da oda ko ya jefa rai cikin haɗari, sai kuma barazana. Duk da haka ina ganin masu sharhi suna kawo tsohon rubutun kamar ba a taɓa shi ba. Kafin ka kafa hujja da kowace doka, tambayi kanka: ta wace shekara ce a hannuna?

Ba mu manta da Oktoban 2022 ba, lokacin da gwamnatin jihar nan ta ba da umarnin rufe wasu gidajen rediyo da talabijin saboda sun ɗauki wani taron siyasa. Hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, NBC, ta fito ta ce wannan ba hurumin gwamnatin jiha ba ne, daga baya aka janye umarnin.

Mu masu sharhin shari'a ma muna da namu kurakuran. Wani zai ɗauko hukuncin shari'ar Sullivan a kan ɓata suna, wanda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1964, ya shimfiɗa a kan rikicin Ƙauran Namoda. Hukuncin wata ƙasa na iya haska wa alƙalinmu hanya, amma bai ɗaure shi ba. Wani kuma daga kanun labari zai yanke cewa kotu ta ba wane gaskiya, alhali umarnin wucin gadi ne kawai aka bayar kafin a saurari ɗaya ɓangaren. A nemi kwafin hukuncin, a karanta shi daga farko har ƙarshe, a gane wanne ne na rinjaye wanne ne ra'ayin alƙalin da ya saɓa, sannan a hau rediyo.

Da na karanta rubutun yaron, layi tara ne. Takwas koke ne a kan rashin ruwan famfo a unguwarsu, babu abin kamawa a ciki. Na taran ne ya kira wani mutum ɓarawo da sunansa. Na ce wa dattijon, "Baba, ɗanka ya yi kuskure a layi ɗaya, amma tsare shi kwana huɗu ba a kai shi kotu ba shi ma ya saɓa doka. Sashe na 35 ya ce kwana ɗaya ne in akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40." Da wannan sashen muka rubuta takarda, washegari aka ba da belinsa. Ya goge layi na tara, ya je da mahaifinsa ya ba mutumin haƙuri. Sauran takwas ɗin na ce ya bar su inda suke.