Yadda Direba Zai Koma Kan Sitiyari Bayan Hatsari ko Dogon Hutu

Direban da ya yi wata shida ko shekara bai tuƙa mota ba, ko jinyar karaya ce ta kwantar da shi ko motar ce ta zauna a gareji, yakan ɗauka yana nan yadda yake a da. Hannu kam ba ya mantuwa. Abin da ke ja da baya shi ne wuya, da ido, da saurin da ƙafa ke barin totur ta hau birki. Don haka da jiki ake fara gwaji tun kafin a taɓa makulli.

Michael Schumacher, direban tseren mota ɗan Jamus, ya lashe gasar tseren motoci ta duniya ta Formula 1 sau bakwai, ya yi ritaya a ƙarshen 2006. A 2009 ƙungiyar tsere ta Ferrari ta neme shi ya maye gurbin direbanta Felipe Massa da ya ji rauni. Da ya gwada mota sai ya ga wuyansa, wanda ya bugu a faɗuwar babur a farkon shekarar, ba zai jure ba, ya janye. Kai ma yi irin wannan gwajin a ƙofar gida. Zauna a kujerar direba, mota a kashe, ka waiwaya dama da hagu har ka hango ƙofar baya. In sai ka juya da ƙugu gaba ɗaya, ba ka isa shiga cunkoson Ƙofar Ƙaura ta Katsina ba tukuna, inda 'yan acaɓa ke ɓullowa ta gefen da madubi ba ya nunawa. Sannan ka taka kuloci har ƙasa sau 20 a jere, ka danne birki da ƙarfi na rabin minti. In ƙafa ta yi rawa ko tsohon ciwon ya motsa, ƙara haƙuri. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, jinkirin rabin daƙiƙa kuwa mita 14 ke nan, tsawon ƙananan motoci uku.

Je asibitin ido a auna ka, musamman in ka haura arba'in. Yanar ido takan fara nuna kanta da dare, fitilar motar da ke tahowa ta watsu ta rufe maka hanya. A duba hawan jini da suga. Ka kuma tambayi likita ko magungunan da kake sha suna sa barci, domin tiramadol da wasu magungunan mura suna kashe jiki.

Sai mota. Da Schumacher ya dawo tsere da ƙungiyar Mercedes a 2010 yana da shekara 41, ya tarar an hana ƙara mai a tsakiyar tsere, tayoyin ma ba irin waɗanda ya bari ba ne. Cikin shekara uku sau ɗaya ya shiga ukun farko, a Valencia a 2012. Motar da ka ajiye ita ma ta sauya. Duba gefen taya, akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Tayar da ta kai shekara shida, ko ta tsattsage saboda zafin rana, a cire ta ko da zanenta bai cinye ba, don irinta ce ke fashewa da tsakar rana a hanyar Kankiya. Mai faci ya auna iska da safe kafin taya ta ɗumama. Man birki yana shan danshi, in ya tsufa yakan tafasa idan birki ya yi zafi, sai ka taka ka ji ƙafa ta nutse. In ya wuce shekara biyu bakanike ya zubar ya zuba sabo. A juye baƙin mai, a zuƙe fetur ɗin da ya daɗe a tanki, a leƙa wayoyi ko ɓera ya ci, a matsa robobin lagireto a ji ko sun bushe. Lasin ma a duba ranar ƙarewarsa.

Hanya kuma daki-daki ake komawa. Makon farko cikin gari bayan asuba, ba fasinja. Na biyu Katsina zuwa Daura da rana, da wani direba a gefe wanda ba zai ji nauyin faɗa maka gaskiya ba. Lodi da tafiyar Kano su biyo baya, tuƙin dare a ƙarshe. Bar tazarar daƙiƙa uku tsakaninka da na gaba, ka ninka ta in akwai hazo.

Tsoro zai zo, kuma ba abin kunya ba ne. Niki Lauda, shi ma direban Formula 1, ya ƙone a hatsari a filin tseren Nürburgring na Jamus ranar 1 ga Agusta 1976, bayan mako shida ya dawo a Monza ta Italiya ya zo na huɗu. Amma abin koyi ya fi yawa a tseren ƙarshe na shekarar a Japan: ruwa ya tsuge, ya ga rai ya fi kofi, ya ajiye mota bayan zagaye biyu, abokin karawarsa James Hunt ya lashe gasar da ratar maki ɗaya. A 1977 Lauda ya sake zama zakara, ya bar tsere a 1979, ya dawo a 1982, ya lashe ta uku a 1984. Kai ma tun a gida ka yanke sharaɗin tsayawa: in ƙurar hunturu ta hana ka hango mota a nesa, ko hamma ta fara jeruwa, ka faka, ko fasinja za su yi ta mita.

Ajiye tuƙi gaba ɗaya yana da alamominsa. Kana yawan gogar gefen mota, ana yi maka hon ba ka san laifinka ba, ka wuce gari ba ka tuna ka ratsa shi ba. In biyu daga ciki suka haɗu, koma wajen likita, ka fara tunanin aikin tasha ko sa ido kan motar da wani ke ja maka.

Jackie Stewart, wani zakaran Formula 1, ya bar tsere a 1973 bayan lashe gasa uku, amma ana tuna shi har yau da fafutukar da ta sa aka inganta shingen kariya da agajin likitoci a filayen tsere. Naka filin shi ne yaron motarka. Kafin ka miƙa masa makulli, ya iya karanta shekarun taya, ya saba ɗaura bel, ya san sauka da giya a gangare maimakon kwanciya a kan birki, kuma ya yi lasin ta hanyar gwaji na gaskiya.