Yadda za ki kalli fim ɗin Brave tare da 'yarki

Idan 'yarki ta kai shekarun nan da kina magana tana zumɓura baki, ki nemo Brave, katun ɗin da kamfanin Pixar ya fitar a 2012, ku zauna tare. Labarin Gimbiya Merida ne a Sikotilan ta zamanin da. Uwarta, Sarauniya Elinor, ta dage sai an aurar da ita ga ɗaya daga cikin 'ya'yan hakimai uku, ita kuwa yarinya ba abin da ke gabanta sai dokinta da kwari da baka. Ta tafi wajen wata bokanya a juya mata ra'ayin uwar, aka ba ta kek, uwa ta ci ta rikiɗe ta zama beyar, wata ƙatuwar dabbar daji.

Ki fara kallonsa ke kaɗai, ko a waya ne. Akwai wani mugun beyar, Mor'du, wanda ya raba Sarki Fergus, mahaifin Merida, da ƙafarsa. Ɗan shekara huɗu zai iya kwana yana firgita, don haka ni ƙananan nakan tura su ɗakin kakarsu. Akwai kuma inda mazaje suka kwance zannuwansu suka ƙulla igiya don su sauko daga hasumiya, a nan ki riƙe rimot.

Ranar Juma'a bayan Isha'i ya fi, babu boko kashegari. Fim ɗin awa ɗaya da rabi ne da 'yan mintoci. Ki sauke shi tun da rana, ki cika cajin kwamfuta, don a Tudun Wada dai ba a yi wa wuta alkawari. Gugguru da gyaɗa da zoɓo mai sanyi sun wadatar. Turancinsu na Sikotilan nauyi gare shi, ko wanda ya yi digiri sai ya kasa kunne, saboda haka ki kunna rubutun ƙasa.

Maganar bokanya kada ki tsallake ta. Yarinyar Islamiyya za ta ce, "Umma, ai wannan shirka ce." Ki ce mata ƙwarai kuwa, ta kuma zuba ido ta ga abin da zuwa wajen boka ya jawo. Fim ɗin da kansa zai ƙarasa miki aikin.

Inda na fi so ki natsu shi ne wajen faɗan nan: Merida ta sa takobi ta keta saƙar da uwarta ta yi mai hoton iyalinsu, Elinor kuma ta fizge bakan 'yar ta jefa a wuta, can ta dawo hayyacinta ta zaro shi hannu na rawa. Nan bakinki zai yi ƙaiƙayi ki ce, "Kin ga abin da nake gaya miki ko?" Ki haɗiye. Da kin faɗa, kallo ya koma wa'azi, 'yarki kuma ta rufe kunne. Ai laifin ma na su biyu ne, kuma ita ta gani. Brenda Chapman, wadda ta ƙirƙiro labarin, daga zamanta da tata 'yar ta ɗauko shi.

Ki bari sai kashegari kuna tsince shinkafa ko kina yi mata kitso, ki tambaye ta wa ya fi gaskiya tsakanin Merida da Elinor. In ta ce Merida, ki ce to me ya sa, ki ci gaba da kitsonki har ta gama.